Abin da na ɗauko daga yashin kwalta na Athabasca

Jiya na mayar da katin shiga da hular kwano, na kama hanya mai lamba 63 zuwa Edmonton. Shekara tara na yi a Fort McMurray, a arewacin lardin Alberta na Kanada, ina aiki a ma'aikatar da ke haƙo yashi mai kwalta don a samu ɗanyen mai daga cikinsa, amma duk tsawon tafiyar nan ta awa biyar dare ɗaya ne yake ta dawo mini, wani dare na watan Janairun 2015.

Ina ɗakin gwaje-gwaje a lokacin, aikin dare. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san abokiyar gabarmu laka ce. Tun shekarun 1920 da masanin kimiyya Karl Clark ya fito da dabarar ruwan zafi, asalin aikin bai sauya ba: a dama yashi da ruwan zafi, kwalta ta taso sama kamar kumfa, yashi ya kwanta. Idan laka mai laushi ta yi yawa, sai ta liƙe wa kwaltar ta hana ta tasowa, ta ja ta zuwa tafkunan da ake tara gurɓataccen ruwa. Kusan tan 2 na yashi ke ba da ganga ɗaya ta mai, manyan tifofin kuwa kowacce tana ɗaukar kusan tan 400. Ka ga ke nan kuskuren awa kaɗan ba ƙaramar asara ba ce.

A daren nan samfurin da aka kawo daga sabon ɓangaren da ake haƙa ya nuna laka fiye da kima. Na sake gwadawa, bai canza ba. Ko a hannu ma ana ji: yashi mai kyau baƙi ne wuluk, yana manne wa safar hannu, wannan kuwa toka-toka ne, yana santsi kamar sabulu. Na tarar da shugaban aikin dare a baranda yana zuba kofi, na faɗa masa. Ya ce, "Na ji, bar shi a hannuna." Na koma bakin aikina.

Ban aika imel ba, ban sa a rahoton miƙa aiki ba. A yadda aka rene ni, idan ka faɗa wa na gaba da kai magana ya ce ya ji, bin sa da takarda tamkar cewa ne ba ka yarda da shi ba. Kunya ce ta hana ni.

Bayan kwana biyu kwaltar da ake tacewa ta ragu, aka kira taro. Farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 50, ana ta sallamar ma'aikata, kowa ta kansa yake yi. Aka tambayi shugaban aikin daren, ya dubi tsabar idona ya ce babu wanda ya sanar da shi komai. Alƙaluman suna cikin kwamfuta da sunana da lokacin da na shigar da su, sai suka zama hujja a kaina: na gani, na yi shiru. Aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni har shekara biyu. Shi kuma kafin shekara ta zagayo an ɗaga shi.

Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Cree, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, da muke aiki tare ce ta same ni a ɗakin cin abinci na kasa haɗiye komai. Kakanninta da wannan kwaltar suke liƙe kwale-kwalensu a bakin kogin Athabasca, tun kafin Turawa su san da ita, balle a buɗe ma'aikatar farko a 1967. Ta ajiye mini ƙaramin littafin rubutu ta ce, "Ɗana, a yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da ƙabilunmu a 1899, abin da aka faɗa wa kakanninmu da baki daban, abin da aka rubuta daban. Rubutaccen ne ya yi aiki." Daga ranar ko gaisuwa ce ta haɗa da maganar aiki sai na rubuta rana da lokaci, na bi ta da imel. Wasu sun ce na cika tsanani. Ba a ƙara ɗora mini laifin wani ba har na bar wurin.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba takardar ba ce. Kwaltar da ta zube a kwanakin nan biyu tana nan a tafki har gobe, kuma mutanen ƙauyukan Fort McKay da Fort Chipewyan suna zaune a ƙasan kogin. Da na rubuta layi biyu, da an cakuɗa yashin da wani yashi mai kyau tun da wuri.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka sayi gida a garin mai lokacin da farashi ke sama. Kada tankin motarka ya sauka ƙasa da rabi. A gobarar dajin Mayun 2016, da aka kwashe mutum kusan 88,000, na ga motoci jere a gefen hanya mai ya ƙare musu. Matashin da ke shigowa yanzu ya koyi aikin rijiyoyin tururi, domin kusan kashi 80 cikin 100 na kwaltar ta yi zurfin da ba a iya haƙo ta daga sama, sai an narkar da ita a ƙarƙashin ƙasa.

A walimar ban kwana mutumin nan ya zo, ya miƙo hannu, ya ce ni ne ma'aikacin da ya fi amincewa da alƙalumansa. Na karɓi hannun. Na nemi ofishin ma'aikata su cire takardar nan daga fayil ɗina sau biyu, har jiya tana ciki.