Itace mai laushi ba ya rufa wa dakusasshen ƙarfe asiri

Ranar da maigidana ya fara bari na tsaya gaban injin juya katako a shagonsa da ke Mabera a Sakkwato don na yi akushi, ni na zaɓi itacen da hannuna. Akwai guntun ƙirya a gefe, na kauce masa, don kowa ya san da ƙirya ake turmi, sai na ɗauko malaina mai sauƙin ɗauka, wadda ko farce ka danna mata sai ya bar shaida. A lissafina, abin da farce ke shiga ai ba zai wahalar da ƙarfe ba. Baba, maigidan nawa, ya dube ni ya ce, "Wanga icce kaka so? To, bismilla." Dariyar da ya ƙunshe ban gane ta ba sai bayan sati biyu.

Akushin ya fito da siffar akushi, ba laifi. Amma a wurare biyu masu kallon juna, ciki da waje, fuskarsa duk ramuka ce kamar zanen zanzana. Sauran jikin kuwa sumul.

Dalilin yana cikin yadda itace yake. Jijiyoyinsa a jere suke kamar ɗaurin tsintsiya, kuma idan za a yi akushi a kwance ake ɗaura su a kan inji. Saboda haka a kowane juyi ɗaya, sau biyu bakin ƙarfe ke bin jijiya a tsawonta, sau biyu kuma yana cin karo da kawunanta. A itace mai tauri kowace jijiya tana da maƙwabciya da ta tokare mata baya, dole ta tsaya a yanke ta. A malaina ko rimi ko farin katakon obeche da ake kawowa daga kudu, babu mai tokarewa. Idan bakin bai da kaifi, jijiyar lanƙwashewa take yi, sannan a fizge ta daga can ciki, ta bar rami.

Ni kuma sai na ce samfefa za ta gyara. Na wuni da mai kaushi, lamba 80, ina gurza, hancina da gemuna duk gari. Ramukan ba su tafi ba, sai dai wuraren da suka fi laushi suka riga sauran cinyewa, jikin akushin ya yi tudu da kwari. Da na shafa man kaɗe sai asirin ya ƙarasa tonuwa, domin kan jijiya ya fi shan mai, kowane rami ya yi baƙi ƙirin kamar an ɗiga masa tawada.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi cizal ɗin, ƙarfen yankan, ya goga shi a farcen babban yatsansa, ya zame bai kama ba. Ya ce, "Ɗana, da wanga ko albasa ba ka yankawa." Kwana uku ban taɓa injin ba, ina wurin dutsen wasa. A lokacin na ɗauka horo ne. Yanzu kafin yankan ƙarshe sai na koma dutse ko da minti biyar da suka wuce na wasa, sannan na ɗebi ɗan siriri, hannu a sake. Idan abin da ke fita dogayen zare ne masu nannaɗewa, ana yanka. Idan gari ne ke tashi, kankara kawai ake yi. Daga nan samfefa aikinta kaɗan ne: 120, 180, 240, ba a tsallake lamba, a kashe inji a bi wuraren nan biyu da hannu.

Sauran darussan da saurin shiga kai suka zo, don tsoro ne ya koyar da su. Akushi mai faɗin inci goma ba na kai shi sama da juyi 900 a minti, kuma da ƙasa da haka nake farawa har sai ya daina girgiza injin. Ƙusa mai zare da ake kafe itacen da ita a inji ba ta riƙe itace mai laushi sosai, sai doguwa. Hannun riga kuma a naɗe shi, babbar riga a rataye ta a ƙofa.

Sai hunturu. Wanda bai san iskar Disamba a Sakkwato ba zai ce ƙari nake yi, amma na taɓa gama akushi da ɗanyen itace da la'asar, da safe na tarar ya tsage daga baki har gindi. Ɗanye sau biyu ake juya shi. Da farko a bar bangonsa da kauri, kamar inci ɗaya ga mai faɗin inci goma, a tabbata an cire zuciyar itacen don daga nan tsaga ke farawa, a binne shi cikin nasa sassaƙen a buhu, nesa da iska. Zai karkace, ya yi kamar ƙwai. Bayan wasu watanni a mayar da shi inji a daidaita. Masassaƙan da suka yi wa kakata akushinta da gizago ba su da inji, amma sun san wannan jiran, ga shi har yau ana zuba tuwo a ciki.

Banish ba na shafa wa abin da za a ci abinci a ciki. Man kaɗe da ɗan kakin zuma nake narkawa tare, na shafa kaɗan, na goge, na bari ya kwana, na sake. Man gyaɗa na gwada sau ɗaya, da zafin Afrilu ya zo sai akushin ya fara wari.

Akushin nan na farko mai zanzana na so na jefa shi murhu, Inna ta ƙwace. A ciki take zuba wa kajinta dusa.