Darasin tarihi daga bakin makaɗa

Ni malamin Hausa ne. Tarihi ɗora mini shi aka yi saboda babu mai koyar da shi a makarantarmu. Tun wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka shafe sama da shekara goma kafin a dawo da shi, kuma da ya dawo sai ya tarar malamansa sun watse. Haka na tsinci kaina gaban yara saba'in da 'yan kai a aji biyu na ƙaramar sakandare, a cikin birnin Kano, da minti arba'in kacal bayan an dawo daga tara.

Makonni uku na yi ina cika allo: Bagauda a 999, Gijimasu da fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499. Suka kwafa tsaf. Da na yi musu gwaji, sai na ga abin da ya sosa mini rai. Yaran da ake aikensu Kasuwar Kurmi kusan kullum, ko ɗaya bai haɗa Rumfan da ke kan allo da kasuwar da yake takawa da ƙafarsa ba. A wurinsu sunan mutum ne da lambobi biyu, a haddace, a zubar a takarda, a manta.

Satin da aka dawo hutun ƙaramar salla ne abin ya sauya. Na shiga aji na tarar da wani yaro ya naɗe takardar kwali ya yi dogon bututu, yana kwaikwayon busar kakaki, sauran suna ta ba juna labarin Hawan Daushe. Da na ga dama da na kore shi waje. Sai na karɓi kwalin na ɗaga sama, na ce, "Wa zai gaya mini sarkin da aka fara busa wa wannan a Kano?" Aji ya yi tsit. Na ce musu littafin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Rumfa ya fara, tare da figini, wato mafitan sarauta, da takalmin gashin jimina, shi ne kuma ya kafa Kurmi, ya gina gidan sarautar da har gobe ake kira Gidan Rumfa. Wata yarinya ta ce, "Malam, kenan abin da muka ji shekaranjiya ya fi shekara ɗari biyar ana busa shi?" Na ce ƙwarai kuwa. Ranar har aka kaɗa ƙararrawa ba su bar ni na fita ba.

Daga nan na sayi 'yar sifika mai caji, na loda waƙoƙi a waya. Farkon yin nawa bai yi kyau ba. Na saka waƙar Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, na bar ta tana tafiya kusan kwata. 'Yan baya suka fara buga benci, 'yan gaba suna dariyar kalmomin da ba su taɓa ji ba, domin Hausar Gobir da Zamfara ba ita ce ta kan titin Kano ba. Malamin ajin kusa da mu ya leƙo ya ce in rage. Na tashi ranar ba a koyi komai ba. Tun daga lokacin ba na wuce minti uku. Da dare nake zama in saurara, in zaɓi baiti huɗu ko biyar, in rubuta su a allo kafin yara su shigo, in ja layi ƙarƙashin kalmomi masu wuya. Sai mun karanta da baki mun warware ma'ana, sannan in kunna, sau biyu. Jin farko na daɗi ne, na biyu kuma kowa da biro a hannu.

Matsalar da ta fi wannan girma sai daga baya ta fito, ita ce kuma ta koya mini aikin. A wani gwaji na tambayi halin wani basarake, sai yara da yawa suka rubuta cewa ba a taɓa cin sa da yaƙi ba, kuma duk ƙasar ba mai kyautarsa. Da na tambaye su inda suka samo, suka ce ai a waƙa aka faɗa. Nan na gane na cire su daga haddar allo na jefa su haddar makaɗi.

Sai na ware darasi guda a kan makaɗin kansa. Na tambaye su: wa ke ciyar da makaɗin fada? Wa ke ba shi riga da doki da gona? Suka ce sarki. To, wanda ke cin abincin mutum, zai tsaya a bainar jama'a ya ce an kore shi a fagen daga? Muka zo kan zambo da habaici, yadda makaɗi ke kambama ubangidansa sannan ya juya ya muzanta 'yan uwan sarkin da ke haƙon gadon sarauta. Na nuna musu cewa zambon nan ma shaida ce, domin yana gaya maka akwai takara a gidan, ko da littafi bai faɗa ba. Yanzu kafin mu kunna kowace waƙa, yaran da kansu suke tambaya wa ya yi ta, wa aka yi wa, kuma me aka tsallake. Tambayar ƙarshen nan ita ta fi yi musu daɗi.

Inda na fi ganin amfanin wannan shi ne darasin jihadi. Na kawo musu Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, muka bi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto, har faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Na gaya musu ba don nishaɗi ta rubuta waƙoƙinta ba, koyarwa take yi da su, jajis ɗinta, matan da ta horar su koyar, suna haddacewa su kai wa matan ƙauyuka, wato 'yan taru. Sannan na tuna musu da Narambaɗa. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in an ci Alƙalawa, ina aka samo Sarkin Gobir a Isa?" Wannan tambaya ita ta kai mu Sabon Birni, ta tsallaka da mu iyaka zuwa Tsibiri a ƙasar Nijar, inda Gobirawa suka sake kafa sarautarsu, da Maraɗi inda gidan sarautar Katsina na dauri ya koma. Yara suka ga cewa waɗanda aka ci da yaƙi ba ɓacewa suke yi ba, suna da makaɗansu da kirarinsu, har yau ana ambaton Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo da alfahari. A ganina yaron da ya ji ɓangarorin nan biyu yana ɗan shekara goma sha uku ya samu abin da da yawa cikinmu ba mu samu ba sai da muka girma.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Wani uba ya zo har makaranta ransa a ɓace, ya ce karatu ya turo ɗansa yi, ba sauraron kiɗa ba. Ban yi masa gardama ba, domin na san daga inda maganar ta fito, kuma haƙƙinsa ne ya tambaya. Na ba shi kujera, na ce, "Alhaji, ga abin da muke yi," na miƙa masa littafin ɗansa. Ya daɗe yana duba baitocin Nana Asma'u da taswirar da yaron ya zana daga Degel zuwa Sakkwato. Ya ce wannan ba shi da ja a kai, amma ganga ce ba ya so. Muka rabu a kan cewa ranar da za a kunna mai kiɗa, ɗansa zai karɓi baitocin a rubuce ya zauna a ɗakin karatu. Tun daga nan nake sanar da shugaban makaranta da iyaye a farkon zango, na kuma ƙara yawan rubutattun waƙoƙi da ake rerawa da baki kawai. Da tun farko na yi haka, da ban sa mutumin ya taso da rana tsaka ba.

Akwai wani yaro da ke zama can ƙarshen aji, ba ya magana. Ranar da muke darasin kayan kiɗa da sana'o'i, ina bayanin cewa tambari na sarakuna ne, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta, kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne, sai na ji ana ƙus-ƙus ana waiwayensa. Ashe mahaifinsa makaɗin kalangu ne, yara suna tsokanarsa da ɗan maroƙa. Bayan an tashi na kira shi gefe na tambaye shi ko ya iya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaɗan, Malam." Na nemi izinin mahaifinsa, mako na gaba ya zo da kalangun a cikin buhu.

Ya rataya shi a kafaɗa, ya matse tsarkiya da hammata, ya ɗan gwada fatar da yatsa. Hannunsa na rawa da farko. Na rubuta "sannu da zuwa" a allo, na ce ya faɗe ta da kalangu. Ya matsa, ya saki, sautin ya hau ya sauka daidai yadda baki ke furta ta. Aji ya ɗauki sowa. Na yi shekaru ina fama da koyar da karin sauti a darasin Hausa, ban taɓa ganin an gane shi da sauri irin na ranar ba. Daga nan ya kaɗa musu taken mahauta, ya bayyana cewa kowane gida mai sana'a yana da takensa, mai shi yana ji daga nesa ya san da shi ake. Abin da ya sani na tarihin unguwarsu, wa ya gaji wa a sarautar pawa, ni ban san rabinsa ba.

Aikin ƙarshen zango da na ba su shi ne kowa ya je wurin tsohuwar gidansu ya ɗauko waƙa guda, ta niƙa ko ta daɓe ko ta reno, ya rubuto ta ko ya naɗo a waya. Da yawa sun dawo hannu rabbana, suka ce kakanninsu sun ce sun manta, ko suna jin kunya. Injin niƙa ya kashe dutsen niƙa, siminti ya kashe daɓe, waƙoƙin sun bi su. Amma wata yarinya ta kawo muryar kakarta tana rera waƙar niƙa da ta koya wurin tata kakar. A tsakiyar waƙar akwai kalmar Kakalaba. Yarinyar ta ɗauka sunan mutum ne. Na ce mata sunan yunwar da aka yi a ƙasar nan ne a 1913 zuwa 1914, lokacin da damina ta gaza, shekara goma kacal bayan Turawa sun ci Kano. Babu ita a littafin da muke amfani da shi a aji. Muka saurari muryar tsohuwar sau uku, ba wanda ya buga benci.

Yarinyar ta koma gida da tambayoyi cike da shafi guda. Ranar Litinin ta zo ta ce kakarta ta ce in ina so in ji sauran, in zo da kaina bayan la'asar, don ba a ba da irin wannan labari ta waya. Na je da goro da littafin rubutu.