Guntun biro a Birnin Shehu

Daga Zariya na hau mota bayan asuba, domin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba wadda ake son dare ya riski mutum a kanta ba ce. Muka wuce Tsafe da Talata Mafara, la'asar sakaliya muka shiga Sakkwato. Sana'ata fiƙar carbi ce, abin da ya kawo ni kuwa wani abokin ciniki ne da ya nuna mini biro, rabin jikinsa itace rabi kamar gilashi shuɗi, ya ce a Sakkwato aka yi guntun da aka fiƙe shi.

Washegari na fara da ziyarar Hubbaren Shehu, sannan mai kabukabu ya kai ni wani lungu ba nisa da babbar kasuwa. Mai shagon dattijo ne, tsohon kafinta. Muka gaisa, na ce, "Baba, koyo na zo." Ya yi dariya ya ce, "To zamna, ɗana. Wanga aiki awo ne, ba hanzari ba."

Da awon ya fara kuwa. Guntun biro da masu wannan sana'a suka saba da shi a ko'ina tsawonsa inci 5 ne, kaurinsa wajen milimita 19 ta kowane gefe. Ana raba shi biyu, a huda tsakiya da ƙarfen huji mai milimita 7 idan siririn biro za a yi, a manna bututun tagulla a ciki, sannan a ɗora a injin fiƙa. Guntun da bai kai awo ba, huji na kaucewa kaɗan sai gefe ya fashe. Shi ya sa ba ya sayar da wanda kusurwarsa ta karkace, sai dai ya ba yara su yi gwaji.

Inda muka daɗe shi ne wajen rabe-raben kayan. Ya jera mini iri uku. Akwai zallan itace, kamar ƙirya ko kanya, masu tauri da ba su buƙatar taimako. Akwai wanda yake kira shayayye: itace mai laushi ko wanda ya fara ruɓewa, a gasa shi har danshi ya fita sarai, a nutsa shi cikin ruwan rezin, wato wani sinadari mai kama da ƙaro da ke daskarewa ya yi tauri, a tukunya mai murfi, a zuƙe iskar da injin irin na masu gyaran firij. Kumfa za ta yi ta tashi, sai ta ƙare a saki iska, itacen ya sha ruwan har cikin jijiyoyinsa, a sake gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 90 don ya daskare. Na uku shi ne haɗin gambiza, irin wanda na gani a Zariya: a sa ɓallin itace mai ƙulli ko rami a mazubi, a zuba rezin mai launi ya cike gurbin, a rufe a tukunyar matsi da iskar da ta fi ta tayar ƙaramar mota, yadda kumfar za ta ƙanƙance har ido ba ya ganinta.

Abin da ke ɓata masa rai shi ne masu shafa wa itace rezin a baya kawai su ce shayayye ne. Ya ɗauko zarto ya yanka guda biyu a gabana. Ɗaya cikinsa fari fat, yana marmashi. Ɗayan launinsa ɗaya daga baya har tsakiya, ga nauyi a hannu. A ganina gaskiyarsa ce, don mai fiƙa yana saita wuƙarsa da gudun injinsa ne bisa abin da aka ce masa ya saya. Mu ma a carbi haka muke fama da masu rina itace su ce sandal ne.

Kowane guntu nasa da 'yar takarda a manne: sunan itacen, irin rezin, da ko an shayar da shi kafin a zuba. Na tambaye shi madobiya, ya ce sai ragowar tsofaffin kujeru yake amfani da su. Dama tun 2017 itacen ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa, ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa.

Yanayin garin ma yana cikin lissafi. Zafin bazara a Sakkwato kan haura digiri 40, rezin kuma da zafi yake saurin kamawa, don haka da sanyin safiya yake zubi. Hunturu ya fi masa daɗi saboda bushewar iska. Da damina kuwa, irin rezin mai saurin daskarewa yana haɗuwa da danshi sai ya yi kumfa fari, aiki ya lalace.

Da azahar muka ci tuwo da miyar sure a shagon, ya bar ni na fiƙe guntu ɗaya, na bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, na shafe da sufa gulu. Na sayi ƙananan ragowar yanka cike da leda, zan gwada su a 'ya'yan carbi. Ya gargaɗe ni in sa takunkumi, domin ƙurar rezin ba ta raga wa huhu. Daga nan na wuce wajen dukawa neman jakar fatar jar akuya, kafin in je tasha in kama kujerar motar safe.