A Ɗakin Girkin Monticello

Yau na ziyarci Monticello, gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da ke jihar Bajiniya, amma ban daɗe a falukan sama ba, domin ɗakin girki ne ya riƙe ni. A nan na tsaya gaban murhun gawayi da tukwanen tagulla ina tunanin James Hemings, bawan da Jefferson ya tafi da shi Faris a 1784 domin ya koyi girkin Faransawa, ya kuma dawo da ƙwarewar da ta sa manyan baƙi suka riƙa yabon teburin ubangidansa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne sharaɗin 'yancinsa: ba a sake shi ba sai a 1796, bayan ya koya wa ƙanensa Peter sana'ar, wato sai da ya bar ɗan'uwansa a bakin murhun kafin shi ya fita. Na dawo masauki da yamma, an kawo mini abinci, na ci kaɗan na ture, ina ta tunanin yadda Peter ya ji a ranar da yayansa ya tafi.