Godiya Bayan Zaman Karatu Kan Baraden Jamus da Ƙungiyoyinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman karatun da aka shirya kan gidajen baraden ƙasar Jamus da ƙungiyoyinsu ya kammala lafiya. A madadin masu shiryawa, muna miƙa godiya ga malamanmu da suka gabatar da darussa, da iyayenmu da suka zauna tun daga buɗewa har addu'ar rufewa, da ɗaliban da suka yi ta kai da kawo da kujeru da ruwa. 'Yan'uwa da suka bi mu ta intanet, a yi mana afuwa kan yankewar murya a rana ta biyu. Daidai inda maganar ta tsinke za mu maimaita a nan, domin wurin ne aka fi yin tuntuɓe.

Malam yana rarrabe ƙungiyoyi iri biyu ne. Na farko su ne na ƙarni na 14: barade su yi rantsuwar taimakon juna na wasu shekaru, su zaɓi alama su rataya. Akwai masu tauraro a yankin Hessen wajajen 1370, da masu zaki a 1379, da masu guduma waɗanda Eberhard na 3 na Württemberg ya karya lagonsu a Heimsheim a 1395. Irin waɗannan ba su cika yin ƙarko ba, kuma dokar 1356 ta Karl na 4, sarkin Daular Rum Mai Tsarki da ta haɗa ƙasashen Jamus, ta riga ta haramta ƙulla ƙawance ba da izinin uban ƙasa ba. Sai a 1422 Sarki Sigismund ya ba barade izinin haɗa kai a fili. Iri na biyu kuwa ƙungiya ce mai ofis da akawu da asusu, ta baraden da ba su da ubangida sai sarkin daula shi kaɗai. A 1577 suka dunƙule cikin shiyya uku, Farankoniya mai gunduma 6, Suwabiya mai 5, da bakin kogin Rayin mai 3, jimla 14, kowace da shugaban da take zaɓa. Ba su da kujera a majalisar daula, sai dai su tara kuɗin gudummawa su aika wa sarki kai tsaye. Haka suka ci gaba har 1806.

Mun gode wa dattijon da ya tambayi abin da ya sa takobi ya koma kube. A da barde na da damar ɗaukar fansa da hannunsa, muddin ya aika takardar shelar gaba kwana uku kafin ya kai hari. Taron majalisar daula na 1495 a birnin Worms ya soke wannan, aka kafa kotun daula. Sannan ga igwa. Wani barde, Franz von Sickingen, ya kewaye birnin Trier a 1522 bai ci ta ba, da aka juyo kansa a gidansa na Nanstein, 'yan kwanaki kaɗan igwa ta yi ta rushe katangar, ya rasu a watan Mayun 1523. A shekarar kuma rundunar ƙawancen Suwabiya ta rushe gidajen barade 23 a Farankoniya.

Godiya ta musamman ga malamar da ta kwana tana zana jadawalin salsala, domin darasinta ne ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta. Mai neman kujera a majalisar babbar majami'a, ko shiga gasar sukuwar barade, sai ya tabbatar da asalinsa: wani wuri kakanni 4, wani 8, inda aka tsananta 16. Ga yadda ake jerawa. Mai nema shi ne lamba 1, mahaifinsa 2, mahaifiyarsa 3. Kowane mutum, ninka lambarsa ka sami uban, ƙara ɗaya ka sami uwar. Saboda haka, ban da lamba 1, duk lambar da ke rabuwa biyu daidai namiji ce, mai saura mace. Idan ka ga mace a kan 12, to ka zame wani wuri, koma baya. Kuskuren da ya fi yawa a takardun gwaji shi ne ƙirga 16 daga ƙasa. Sahun sama kaɗai ake nufi, daga lamba 16 zuwa 31. Magabatan da ke cikin jadawalin gaba ɗaya 30 ne. Mutum ɗaya maras asalin sarauta a wannan sahu ya isa ya ɓata takardar, shi ya sa auren 'yar attajirin birni kan zame wa jikoki ƙarfen ƙafa komai kuɗin da ta zo da shi. Bayan an zana, sai wasu barade su rantse cewa abin da ke ciki gaskiya ne.

Kan karanta tambarin gida ma an sha gyara. Dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ne, ba na mai kallo ba. A zanen da ba launi, layuka a tsaye ja ne, a kwance shuɗi, ɗige-ɗige zinariya, fili fari azurfa. Wanda ya juya takarda a karkace kafin ya kwafa, ja zai koma masa shuɗi, ya ɗora wa mutum gidan da ba nasa ba. Haka idan an jera tambarin miji da na mata, akan juya na mijin ya fuskanci nata don girmamawa; zakin da ya waiwaya ba wani gida ba ne daban. Kada kuma a tsaya kan garkuwa kawai, a duba adon da ke saman kwalkwali, nan ne sau da yawa rassan gida ɗaya ke rabuwa. Misalin da aka kawo shi ne gidan Eltz da ke kusa da kogin Mosel: a 1268 'yan'uwa uku suka raba gado amma suka ci gaba da zama cikin ganuwa ɗaya kamar gidan gandu, reshe ɗaya na zakin zinariya, ɗaya na zakin azurfa, ɗaya na ƙahon ɓauna. Irin wannan zama sai da rubutacciyar yarjejeniya kan ƙofa da rijiya da gyaran katanga da hukuncin wanda ya zare wuƙa a tsakar gida.

Ɗan'uwan da ya ce duk mai "von" a sunansa ɗan sarauta ne, ya karɓi gyara da fara'a, mun yaba masa. Kalmar na nufin "daga" ne kawai, kuma akwai talakawa masu ita, musamman a arewacin Jamus. Tun 1919 ma laƙabin sarauta ya zama ɓangaren suna kurum a dokar ƙasar.

Ɗaliban da ba su miƙo jadawalinsu ba, a sake duba lambobi 16 zuwa 31 kafin a kawo, a kuma rubuta launin kowace garkuwa da kalmomi a gefenta. Waɗanda suka ari taswirar gundumomi 14 su taimaka su maido, wasu na jira.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Amin.

Masu shirya zaman