Shekara huɗu ina jinyar yayata mai cutar MS a gida

Yayata tana da shekara 34 lokacin da likitan jijiyoyi ya tabbatar mana cewa cutar MS, wato multiple sclerosis, ce ke damunta, bayan ta shafe kusan shekara biyu tana fama da sagewar ƙafa da dishi-dishin gani da ke zuwa su tafi. Hoton MRI ne ya nuna tabo-tabo a ƙwaƙwalwarta da lakarta. Likitan ya ce garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin rufin da ke lulluɓe da jijiyoyi, wanda ake kira mayelin, kamar wayar lantarki da robar jikinta ta kwaile, saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa amma ya makara ko ya ɓace a hanya. Daga baya na karanta cewa wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya fayyace cutar a 1868, kuma ƙiyasin 2020 ya nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Hakan ya ɗan rage mini jin cewa mu kaɗai abin ya faɗa wa.

Da na dawo zama tare da ita, kuskuren da na fara yi na ƙauna ne. Na karɓe komai daga hannunta: ni ke saka mata maɓallin riga, ni ke taje mata kai, ko kofi ta miƙa hannu za ta ɗauka sai na riga ta. Wata safiya ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, ki bar ni in sha wahalar da zan iya sha, domin ranar da ba zan iya ba tana nan tafe, kuma a ranar zan kira ki." Maganar ta yi mini zafi, amma likitar motsa jiki da ke zuwa duba ta ta goyi bayanta, ta ce gaɓar da aka daina amfani da ita tana ƙara rauni fiye da abin da cutar kanta ta jawo. Tun daga nan na koyi tsayawa kusa ina kallo, hannuna a shirye amma a bayana, kuma har yau shi ne abin da ya fi yi mini wuya a duk aikin.

Gajiyar wannan cuta ba irin wadda muka sani ba ce, kuma a kanta ne dangi suka fi yi wa Yaya mummunar fahimta. Mutum zai zo da hantsi ya tarar da ita tana hira tana dariya, ya dawo da yamma ya ga ko kai ba ta iya ɗagawa, sai ya ɗauka raki ne. Mun gano cewa ƙarfinta na yini kamar ruwa ne a ɗan tulu, in ya ƙare ya ƙare, lallashi ba ya ƙara shi. Saboda haka muka mayar da wanka da motsa gaɓoɓi da duk wani abu mai nauyi zuwa safiya, muka sa kujera a banɗaki domin ta yi wanka a zaune, muka kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango, muka kuma naɗe duk wata shimfiɗa da ƙafarta mai ja za ta iya harɗewa da ita. A ranar da za a je asibiti, ba ma sa wani aiki a ranar ko kashegarinta.

Zafi ya taɓa tsorata ni ƙwarai. Na haɗa mata ruwa mai zafi sosai da nufin ya sassauta mata ƙafafu, sai ta fito idonta na hagu ya dushe, ƙafafun kuma suka ƙi ɗaukarta. Na ɗauka na jawo mata sabon tashin cutar. Cikin sa'a guda, da jikinta ya huce, komai ya koma yadda yake. Likita ya gaya mini cewa an san wannan tun 1890, lokacin da wani likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura da shi: ɗumin jiki in ya ƙaru ko da kaɗan ne, jijiyar da rufinta ya lalace sai ta kasa isar da saƙo, amma ba sabuwar ɓarna ba ce.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin ya fi komai amfani ga mai jinya, wato rarrabe tashin cuta na gaskiya da wanda ya yi kama da shi. Likitoci suna ɗaukar abu a matsayin tashin cuta ne idan alamar ta wuce sa'a 24 ba tare da zazzaɓi ko wani ciwo ba. Sau biyu Yaya ta rikice, ƙafafunta suka sandare, muka garzaya muna zaton za a yi mata ƙarin ruwan maganin da ake bayarwa na kwana uku zuwa biyar, ashe ciwon mafitsara ne. MS kan hana mafitsara zubar da dukkan fitsarin da ke cikinta, ragowar kuma ita ke tara ƙwayoyin cuta. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Yaya ta rage shan ruwa a ɓoye don kada ta riƙa tashina da dare. Yanzu ina da littafi da nake rubuta ranar da alama ta fara, zafin jikinta, launin fitsari, da lokacin shan kowane magani, kuma likita yakan fara duba littafin kafin ya yi mana tambaya. A ciki na rubuta da jan biro cewa maganin sandarewar gaɓoɓi, baclofen, ba a daina shi farat ɗaya, domin mun taɓa bari ya kusa ƙarewa.

A shekara ta uku ta koma amfani da keken marasa lafiya a yawancin yini, sai kula da fata ya shigo cikin aikina. A ranakun da take kwance ina juya ta duk bayan sa'a biyu, ina duba ɗuwawu da diddige da ƙugu, domin inda ji ya ragu gyambon kwanciya yana iya farawa ba ta sani ba. Ɗaga ta kuwa sai da bayana ya riƙe na mako biyu kafin na yarda a koya mini yadda ake yi da gwiwa da ɗamarar riƙo.

Ciwon bayan ne ya tilasta mini karɓar taimako. Muka samu ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kwana biyu a mako, kuma na yi mamakin ganin Yaya ta fi sakewa a waɗannan ranakun. Ta gaya wa matar damuwar da ta daɗe tana ɓoye mini, har aka kai ga likita ya duba ta a kan ciwon damuwa, wanda ya yawaita a tsakanin masu wannan cuta. Ranar farko da na fita na bar su, na dawo da wuri da sa'a guda saboda hankalina ya ƙi kwanciya. Na tarar da Yaya a gaban madubi tana kokawa da maɓallin rigarta na uku, ma'aikaciyar tana zaune a gefe ta harɗe hannu, sai na tsaya a bakin ƙofa har ta gama sauran biyun.