Daminar Sakkwato da masu awon teku

Binciken da na yi kan ruwan sama na kwarin Rima, lokacin da nake karatun labarin ƙasa a nan Sakkwato, shi ya kai ni ga alƙaluman teku, duk da nisan da ke tsakaninmu da gaɓar Legas. Iskar da ke kawo mana damina daga Tekun Atlantika take tasowa, kuma masana sun nuna cewa farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu ba su manta ba, suna da alaƙa da sauyin ɗumin ruwan teku.

Babu ƙasar da ke iya awon ɗumin teku ita kaɗai. Na'urorin Argo kusan 4,000, waɗanda ƙasashe da dama suka zuba, suna yawo a tekunan duniya. Kowace takan nutse har zurfin mita 2,000, ta taso duk bayan kwana 10 ta aika bayanin zafin ruwa da gishirinsa, kuma ɗalibi irina yana iya sauke bayanan kyauta ta intanet.

Awon tsayin teku ne ya fi koya mini darasi. Amurka da Faransa sun harba tauraron ɗan Adam na TOPEX/Poseidon a 1992, taurarin Jason suka gaje shi, sannan Sentinel-6 a 2020 tare da Turai. Da su aka gano cewa teku ya ƙaru da kimanin santimita 10 tun daga 1993. Ƙarin milimita uku zuwa huɗu a shekara ba ya ganuwa sai awon bai yanke ba, shi ya sa kowane sabon tauraro yakan bi sawun tsohon na tsawon watanni, a daidaita ma'auninsu kafin a sallami tsohon. Da na koma kan kundin ruwan sama na wata tashar awon yanayi da nake aiki da shi, sai na tarar da watannin da ba a rubuta komai ba, kuma babu kuɗin da zai dawo da su yau.

A ganina nan ne namu kason yake. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai suna dogara da ɗumin teku wajen hasashen damina, amma ba za a san ko hasashen ya dace ba sai an gwada shi da ruwan da aka auna a Goronyo da Wurno da Illela, kowace safiya, rani da damina.